Wai gwajin saman ƙarfe ɓata lokaci ne?

Injiniya Bashir: Ni dai ina nan kan bakana, in kana son sanin me ke cikin ƙarfe ka haska masa XRF, na'urar da ke gane sinadaran ƙarfe da hasken X, ko ka narkar da shi a asid ka kai ICP, na'urar da ke auna sinadaran da ke cikin ruwan, shikenan. XPS ɗin nan, na'urar gwajin saman abu, bai wuce nanomita 10 yake gani daga sama ba (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya), to me zai gaya maka kan ƙarfe mai kaurin santimita guda?

Dakta Hadiza: Injiniya ai tsatsa daga sama take farawa. Ɗauki ƙarfen da ba ya tsatsa, ana sa masa kromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, amma abin da ke kare shi wani siririn ɓawo ne na kromiyom da oksijin mai kaurin 'yan nanomita, in ka narkar da samfurin ɓawon nan ya ɓace a lissafi, takarda ta ce maka komai lafiya alhali zafin walda ya riga ya raunana wajen.

Sani: Malama to EDX fa, na'urar gano sinadarai da ke haɗe da SEM, madubin ilektron mai girmama hoto? mu a lab mun ɗauka sama yake dubawa tunda hoton sama SEM ke nuna mana

Dakta Hadiza: A'a Sani, hoton ne na sama. Hasken X da EDX ke karantawa daga zurfin maikromita ɗaya zuwa biyu yake fitowa, ninki ɗari kenan na zurfin da XPS ke gani ko fiye. Shi XPS ilektron yake ƙirgawa, su kuma ba sa nisa cikin abu mai tauri sai ƙarfinsu ya ragu, na can ƙasa ba sa isowa da bayaninsu.

Injiniya Bashir: To ai matsalar kenan Dakta, duk samfurin da ya sha iska sai XPS ya nuna kabon a kai, ko yatsa ya taɓa shi sakamako ya canza. Datti kake aunawa.

Dakta Hadiza: Kabon ɗin gaskiya ne ban musa ba, shi ya sa ake kankare saman da iskar argon a hankali ana aunawa har a shiga ciki. Kuma dattin nan da ka raina shi ke hana fenti da gam kamawa, XRF ba zai nuna maka shi ba.

Injiniya Bashir: Kan fenti da tsatsa na yarda. Amma in tantance nau'in ƙarfe ne aikin, XRF zan ɗauka, cikin daƙiƙu na gama ba sai an zuƙe iska kamar yadda XPS ke buƙata ba.

Sani: To in bututu ya tsage ba a san dalili ba, da wanne za a fara?