'Yan tsakina suna mutuwa cikin ɓawo tun da hunturu ya kama

Mai kaji, Ali Ɗan Sofo:

Assalamu alaikum, masu kiwo. 'Yar'uwarku ce daga unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maradi, don Allah shawara nake nema. Ina da ɗan injin ƙyanƙyasa na roba, mai ɗaukar ƙwai 56, yana da fanka kuma shi yake juya ƙwan da kansa. Da damina na fara aiki da shi, kuma alhamdu lillahi ban sami abin kuka ba. Amma tun da hunturu ya shigo abu ya juye mini.

Zubin da na yi a Disamba, duk sanda na duba allon injin da rana zafin digiri 37.8 nake gani. Duk da haka kwana 21 ya cika shiru, sai a daren kwana na 22 na fara jin kuka. Waɗanda suka fito ba su kai rabi ba. Sauran sun huda ɓawo, ga ɗan bakin a waje yana motsi, daga nan ba su ƙara gaba ba. Da na fasa wasu sai na tarar da tsako cikakke da gashinsa, fatar nan ta cikin ƙwai ta bushe ƙamas kamar takarda, ta manne masa a fiffike da wuya.

Injin yana ɗakin kwano na bakin ƙofa, kusa da taga. Ruwa ina zubawa a ɗan kwarin da ke ƙasansa yadda na saba. Ƙwan kuma rabi na kajina ne, rabi na saya a kasuwa. Sanyi ne ya kashe su, ko injin ne ya lalace? Ina so in sake zubi kafin Janairu ya ƙare, amma gabana na faɗuwa.

Ɗan Bagalam:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sanyi ne, ba wani abu ba. Ki kai shi 39, ki lulluɓe injin da bargo gaba ɗaya. Haka maƙwabcinmu yake yi.

Tsohon mai kiwo, Tibiri:

Ɗana na Bagalam, ka yi haƙuri, kada Hajiya ta bi wannan. Injin mai fanka 37.5 zuwa 37.8 yake so, da rani da damina da hunturu. Lambar 39 ta tsofaffin injuna ce marasa fanka, waɗanda ake auna zafinsu a saman ƙwai. In aka kai mai fanka can, tsaki suna fitowa da wuri da cibiya a buɗe, wasu da karkatattun ƙafafu, wasu ba su fitowa ma. Bargo kuma ba laifi a gefe da sama, amma in ya toshe ƙofofin iska an gama, don tsakon da ke cikin ƙwai numfashi yake ta ƙananan hudojin ɓawo, kuma a kwanakin ƙarshe ya fi bukatar iska.

Hajiya, matsala biyu na gani a bayaninki, kuma ta biyun ta fi girma.

Jinkirin fitowa alamar ƙarancin zafi ce. Kin ce da rana kike dubawa. To ki tashi da asuba kafin kiran salla ki duba. A Maradi cikin Disamba da Janairu dare yana sauka ƙasa da 15, rana kuma ta haura 30, ɗakin kwano kuwa duk abin da ke waje shi yake ɗauka. Ƙaramin injin roba ba ya iya riƙe zafinsa a irin wannan hawa da sauka. Ki mayar da shi ɗakin ƙasa na ciki in akwai, nesa da taga da ƙofa, a kan tebur, ba a kan siminti ba. In kin ajiye farin soson nan da aka naɗo shi a ciki cikin kwali, ki mayar masa da shi. Kuma kada ki ba allon injin gaskiya ɗari bisa ɗari. Ki sayi ma'aunin zafin jiki a kantin magani, ki sa shi daidai tsayin ƙwai ki gwada. Ƙananan injunan nan sukan kauce da rabin digiri, kuma rabin digiri na tsawon mako uku ya isa ya ja miki kwana guda.

Amma abin da ya kashe waɗanda suka huda ɓawo, bushewa ce. Mutanenmu da sun ji hunturu sai hankalinsu ya tafi ga sanyi, su manta iskar da ke fasa mana leɓe da diddige ita ce fanka take ja tana hurawa kan ƙwai dare da rana. Da damina iska da kanta tana ɗauke da danshi, shi ya sa ɗan ruwan da kike zubawa ya wadatar. Yanzu danshin waje yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ƙwai kuwa yana son 50 zuwa 55 a kwana 18 na farko, sannan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe. Ki lura, faɗin ruwa ne ke ba da danshi, ba zurfinsa ba. Kofi cike ba zai yi abin da faranti mai faɗi zai yi ba. Ni soso nake yankawa in jiƙa in shimfiɗa a ƙasan injin, kuma da ruwa mai ɗumi, don ruwan randa na safiyar hunturu in ya shiga sai zafin ya faɗi.

In ba ki da ma'aunin danshi da kika yarda da shi, ƙwan da kansa zai gaya miki. Ki shiga ɗaki mai duhu, ki ɗora fitilar waya a kan gefen ƙwai mai faɗi. Za ki ga gurbin iska. Ki zagaye shi da fensir a kwana na 7, da na 14, da na 18. A kwana na 7 ɗan kaɗan ne, zuwa na 18 bai kamata ya wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwan ba. In ya riga lokaci girma, ƙwan yana bushewa, ki ƙara ruwa.

Tambaya ɗaya: da suka fara hudawa, sau nawa aka ɗaga murfi ana leƙe?

Mai kaji, Ali Ɗan Sofo:

Baba, Allah ya saka da alheri. Murfi kam ya sha ɗagawa, don yara da sun ji kukan tsaki ba su barin wurin, ni ma nakan cire wanda ya fito in kai shi kwali. To in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke da dare fa, me zan yi? Kuma wanda ya maƙale, in ɓare masa ko in bar shi?

Tsohon mai kiwo, Tibiri:

To ga shi nan. Daga kwana na 18 a daina juyi, a cika ruwa, a rufe. Duk ɗagawa ɗaya a hunturu, danshin da aka tara yana fita nan take, fatar ƙwan da aka riga aka huda ta bushe. Tsakon da ya fito ki bar shi ciki ya bushe ya yi gashi. Kwana guda ba ci ba sha ba ya yi masa komai, yana da gwaiduwar da ya shanye a cikinsa. In ruwa ya ƙare ki ƙara ta ƙofar iska da sirinji da ɗan tiyo.

Ɓarewa kuwa, ban cika so ba. Daga hudawa zuwa fitowa yakan ɗauki awa 12 har 24, yana hutawa ne. In ya wuce haka, ki jiƙa fatar da ruwan ɗumi a kan auduga, ki ɓare kaɗan ta wajen gurbin iska. Da kin ga jini ki tsaya ki mayar da shi, bai shirya ba.

Uwargida, Madarunfa:

'Yar'uwa, ni maganar kuran zan amsa miki, don mu nan mun saba. Ki duba bayan injinki, da yawansu suna da wurin sa batir mai bolt 12. Batirin mota ko na sola yana riƙe shi zuwa safe. In babu, ki rufe injin da bargo ki bar ƙofar iska, ki jera gorunan ruwan ɗumi a gefensa. 'Yan awoyin sanyi ba su kashe ƙwai, sai dai su jinkirta shi. Zafi mai yawa shi ne ba ya yafiya, don haka kada ki kuskura ki kai kaskon gawayi kusa da injin.

Sai kuma ƙwan kasuwa. Ba ki san kwanansa nawa ba, ba ki san ko da zakara a gidan ba. Na kajin gona da ake jerawa a kiret ma kada ki ɓata gurbi da shi, ba a haɗa su da zakara. Ƙwan zubi kada ya wuce mako guda, kada a wanke shi, a ajiye tsininsa ƙasa. Wanda ya kwana a sanyi ki bar shi ya ɗan yi ɗumi cikin ɗaki 'yan awoyi kafin ki sa.

Ki shirya wurin reno tun kafin su fito. Satin farko suna son zafi wajen 33 zuwa 35. Ni kasko nake sa musu cikin tukunya mai huji, da buntun shinkafa a ƙasa, taga kuma a ɗan buɗe saboda hayaƙin gawayi. In kin ga sun dunƙule kan juna suna kuka, sanyi suke ji. In sun gudu bango suna haki, ki rage wuta. Kuma ki je wurin likitan dabbobi ki karɓi rigakafin Niyukasil, na ɗigawa a ido, don da hunturu ciwon ya fi share kaji. Manyan kajinki ma a yi musu, kuma ki raba su da 'yan tsakin.