Fashin aiki: lalaci ne ko wahalar isa wurin aikin?

Mai Gidan Burodi: Assalamu alaikum jama'a. Yau yara uku cikin takwas ba su zo ba. Kwaɓin asuba ya zauna har ya yi tsami, fulawa buhu biyu ta tafi a banza. Ni a wurina fashin aiki lalaci ne kawai. Daga wata mai kamawa, wanda ya yi fashin yini ɗaya zan zaftare masa kuɗin yini biyu.

Malamar Firamare: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Daga ina yaran suke tahowa?

Mai Gidan Burodi: Biyu Samaru, ɗaya Ɗan Magaji, duk a Zariya.

Malamar Firamare: To ka ji. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 ba, a 2024 ta haura 1,000, kuɗin keke da acaɓa suka bi ta. Abokiyar aikina, da wata ya kai 20 sai ta fara zaɓen ranakun da za ta zo. Na taɓa ganinta a bakin titi tana juye jaka tana ƙirga canji, bai kai ba, ta koma gida da alli a hannu. Wannan ba raguwa ba ce.

Tsohon Akawu: 'Yata, gaskiya kika faɗa, amma ba duka ba. Shekara 35 na yi a ofis, tun mai yana araha ana fashi. Mutum ya sa wa abokinsa hannu a rajista, shi kuwa yana kasuwa. Gwamnatin Kaduna ta mayar wa ma'aikatanta aiki kwana huɗu a mako a Disambar 2021, amma mai halin fashi bai fasa ba. Abin da na gani da idona: in shugaba sai ƙarfe 11 yake shigowa, na ƙasa ba za su zo ƙarfe 8 ba. Ko na'urar dangwala yatsa aka kafa, sai a dangwala a fice.

Ma'aikaciyar Jinya: Baba, kar a manta damina muke ciki. Ku leƙo asibiti ku ga layin masu zazzaɓin cizon sauro. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci har kwana 12 a shekara na rashin lafiya da albashinsa, in likita ya ba da takarda. Alhaji, abinci kake yi. In yaro ya ji tsoron zaftarewa ya zo da gudawa ya sa hannu a kwaɓi, wa ya cutu?

Ɗan Acaɓa: Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Na yi aikin burodi shekara biyu a wani gida. Ba ranar hutu ko ɗaya, albashi sai goma ga wata. Ranar da garin tuwo ya ƙare a gida, aron babur nake yi in fita nema. Da an tsayar mana da ranar biya, an ba kowa yini guda a mako, da ban bari ba.

Mai Gidan Burodi: Wani watan nakan yi jinkirin mako guda, ban musa ba, masu shaguna ne ke riƙe mini kuɗi. Jana'iza da rashin lafiya kuma ban taɓa hana kowa ba. Amma waya fa? Ko ɗaya bai kira ni ba, da na rage kwaɓin.

Tsohon Akawu: Nan kam kana da gaskiya, Alhaji.

Mai Gidan Burodi: Wanda bai kira ba zan cire masa na yini ɗaya, ba biyu ba. Maganar kuɗin mota da ranar hutu, zan zauna da su gobe bayan an fitar da burodin safe.