Wa ya taɓa ganin walia a tsaunukan Simien?

Bakano a Adis: Salamu alaikum 'yan uwa. Aiki zai kai ni Gondar, kuma ina so in leƙa gandun dajin Simien don in ga walia, akuyar dajin nan da babu irinta ko'ina a duniya sai arewacin Habasha. Yini ɗaya zai isa?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Malam, ba zai isa ba. Mu da safe muka bar Gondar, muka yi wajen kilomita 100 zuwa Debark inda ofishin gandun yake. Nan ake biyan kuɗin shiga, a haɗa ka da ɗan rakiya mai bindiga, wannan dole ne. Iyakarmu Sankaber, wani zango a cikin gandun. Birai gelada kam mun gan su garke-garke suna tsinkar ciyawa, ko kallonmu ba sa yi. Walia ko ƙahonta ban gani ba, har yau abin yana raina.

Mai Hawa Dutse: Gaskiyar Hajiya ce. Sai ka dangana da zangon Chennek, can gaba da Sankaber, ka kwana. Wurin ya kai tsayin mita 3,600, shi ya sa taku kaɗan za ka yi ka fara haki, kai yana sarawa. Da dare ruwan butata sai da ya daskare. Da gari ya waye ɗan rakiyarmu ya kai mu bakin wani kwazazzabo ta hanyar tsaunin Bwahit, ya nuna da sanda. Na daɗe ban ga komai ba, don jikin walia launin dutsen ne. Can sai wani bunsuru ya motsa, ƙahoninsa sun lanƙwashe baya kusan mita guda, ga gemu baƙi, yana takawa a inda ɗan Adam ba zai iya aza ƙafa ba. Hawaye na ji sun zo min, wallahi. A shekarun 1990 ba su wuce ɗari biyu da wani abu ba a duk duniya, har UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa gandun cikin wuraren da ke cikin haɗari a 1996, ba a cire shi ba sai 2017.

Malamar Makaranta: Ni abin da ya tsaya min shi ne mutanen wurin. Mai alfadarin da ya ɗauko mana kaya ɗan ƙauyen Gich ne, waɗanda aka tayar aka mayar Debark don a rage noma da kiwo a cikin gandun. Gonar sha'irinsa ya bari. Don Allah in ka je kada ka matse su a ciniki, kuma ka ba da wani abu a kai.

Bakano a Adis: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Wane lokaci ya fi?

Mai Hawa Dutse: Bayan damina, daga Oktoba zuwa Maris. Amma ka fara bincikar lafiyar hanya, tun 2023 yankin Amhara, inda gandun yake, ke fama da rikici. Ka tafi da bargo mai kauri da madubin hangen nesa, kuma ka fito kafin rana ta ɗaga.