Tagwayen kumbon Mars: araha ce ko kasada?

Malam Isa, Garwa: Jama'a, ni dai ban yarda da maganar da ake yi cewa ƙananan kumbo biyu sun fi babba ɗaya ba. NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta harba ESCAPADE ranar 13 ga Nuwamba 2025, tagwayen kumbo na binciken duniyar Mars masu suna Blue da Gold, kuɗinsu bai kai dala miliyan 80 ba. Araha kuwa ba ta ado. Lunar Trailblazer, kumbon binciken wata, shi ma daga tsarin NASA ɗin nan na rage kuɗi ya fito, an harba shi a Fabrairun 2025, washegari aka daina jin ɗuriyarsa.

Hadiza, Marwa: Baba Malam, Allah ya ƙara girma, amma ba don araha kaɗai aka yi su biyu ba. Mars ta rasa garkuwar maganaɗisu irin ta duniyarmu tun kusan shekara biliyan 4, shi ya sa iskar rana, wato ƙwayoyi masu caji da rana ke fesowa, take ta kwashe iskarta zuwa sararin sama. Kumbon NASA mai suna MAVEN ya fara auna wannan a 2014, amma kumbo ɗaya ne. Idan awonsa ya sauya, ta yaya za a san lokaci ne ya sauya shi ko wuri? Kamar ƙurar hunturu ce: mutum ɗaya a Garwa ba zai san ko ta rigaya ta rufe Marwa ba. Sai an sami mutum biyu suna kallo a lokaci guda.

Abakar, Injamena: Gaskiya ne, ƙanwata. Ɗaya zai auna guguwar rana tana isowa, ɗayan ya ga yadda sararin Mars ya amsa cikin mintuna.

Malam Isa: To idan ɗaya ya mutu fa? Ai an koma gidan jiya.

Hadiza: An koma ɗaya mai aiki, Baba. Babba ɗaya in ya mutu, babu saura.

Abakar: Ni abin da ke damuna daban ne. An tsara su jira kusan shekara guda a nesa da duniya kilomita miliyan 1.5, sai a 2027 su isa Mars. Ƙananan na'urori ne, jiran ma yana cin ƙarfinsu.

Malam Isa: Madalla, Abakar, ka zo inda nake. Ku bari su isa tukuna, sannan mu yi maganar wa ya fi.

Hadiza: Su isa ko kada su isa, Baba, tambayar lokaci da wuri kumbo ɗaya ba zai amsa ta ba.