Musayar waƙa: Edith Massey, mai ƙwai ta Baltimore

Ɗan Gwanjo:
Jama'a, ga baitocina kan wata 'yar fim ta Amurka. Mai amsa ya amsa.

A 1918 aka haife ta,
Gidan marayu ne ya raine ta,
A Baltimore, mashaya ce wurin aikinta,
Can John Waters, mai shirya fim, ya je ya tsince ta.
Ta haura hamsin, ga giɓi a bakinta,
Haka nan ya sa kyamara ta ɗauke ta.

Hajiya Talatu:
Malam Ɗan Gwanjo, tsaya ka ji gaskiya,
Pink Flamingos fim ne na rashin kunya.
A 1972 suka zaunar da dattijiya
Cikin kejin yara, kamar jaririya,
Ba ta da zance sai ƙwai, dare da safiya.
Wannan ɗaukaka ce ko abin dariya?

Baban Ummi:
Hajiya, ranki ya daɗe, a sake dubawa,
Ƙwan da kika raina shi ta yi ta sayarwa.
Ta tara makaɗa, Edie and the Eggs ake cewa,
Ga furfura, ga waƙar punk tana rerawa.
Shagon gwanjonta na unguwar Fells Point a Baltimore kuwa,
Masu son fim ɗinta can suke tururuwa,
Su sayi tsohuwar riga don su samu gaisawa.

Hajiya Talatu:
To, ai ko lafazin fim ba ta iya ba!
Tana karanto shi kamar ba da ita ake ba.

Ɗan Gwanjo:
Abin da kika kushe, shi ne gishirinta,
Babu malamin da zai koyar da muryarta.
A 1977 sarauta aka ba ta,
A fim ɗin Desperate Living, muguwar sarauniya da dogaranta.
A fim ɗin Polyester, 1981, 'yar aiki ce da gado ya azurta,
Ga kuɗi, amma ba ta yar da ƙawarta.
A 1984, Los Angeles, ajali ya riske ta,
Har yau masu kallon tsakar dare na kwaikwayon maganarta.

Hajiya Talatu:
Na ji, shagon gwanjo na yaba mata,
Mace ce da ta ci guminta.
Amma kejin nan, Malam, ban yafe ba,
Kuma fim ɗin ba zai shiga gidana ba.

Baban Ummi:
Nawa gidan ma, Hajiya, bai shiga ba,
Kada Maman Ummi ta ji, ban ce na kalla ba.