Dan Allah masana tsofaffin kuɗi ku ba ni shawara kafin Juma'a

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wlh kwana uku ban samu barcin kirki ba. Kakana ya rasu shekara biyu da suka wuce, shi tsohon ma'aikacin reluwe ne a Zariya, ni na yi jinyarsa har ƙarshe don sauran 'yan uwa kowa yana garinsa, ɗakinsa kuma tun rasuwar a kulle yake sai da damina ta kayar da bangon baya muka shiga kwashe kaya, a ƙarƙashin gado na tarar da gwangwanin madara cike da kwabo mai huji da anini (ɗaya bisa goma na kwabo) da dari (rabin kwabo), sun fi ɗari uku. Wani dillali ya zo ya juye su a tabarma, ko minti biyar bai yi ba ya ware kamar goma gefe ya ce duka gwangwanin zai saya dubu arba'in, Juma'a zai dawo. Ga kuɗin haya ya taho mini. Na wanke wasu da lemon tsami da toka don su yi haske. Ya ake gane mai daraja cikin sauri? Goman da ya ware su suka tsaya mini a rai.

Malam Na Sabon Gari:
Wa'alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Ƙanina ka daina wankin nan yanzu, wanda ka wanke ka riga ka rage masa daraja, masu tara kuɗi launin tsufan suke so kuma suna gane wanda aka goge. Na fi shekara ashirin a harkar nan, abu uku nake dubawa. Shekara tana gefen da tauraro mai tsini shida yake. Sai ɗan ƙaramin harafi kusa da hujin, H ko KN, na masana'antu biyu ne a Birmingham ta Ingila, in babu harafi to gidan buga kuɗin gwamnatinsu ne ya buga. Na uku shi ne cinyewa, kwabon nan ba hoton sarki a jikinsa don haka kambin da ke saman hujin za ka duba da rubutun larabcin da ke ƙasa, in ƙananan zanen kambin sun fito ras mai kyau ne, in ya shafe ya yi sumul to kuɗin kasuwa ne da ya sha hannu, ka tara irinsu gefe guda. Farare su ne na farko tun 1907, jajayen na tagulla daga 1952 suka fara, masu Federation of Nigeria kuma 1959 ne, an kashe su har zuwan naira da kwabo a 1973 shi ya sa kowane gida akwai.

Maman Ilham:
Ni dai ka yi hattara. Haka aka zo wa mijina wai akwai sinadarin makuri a cikin tsohon kwabo, wai in yana jan shinkafa miliyoyi ne, aka karɓe masa kuɗin gwaji har sau biyu mutanen suka kashe waya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Abban Sadiq:
Malam na gode amma ba duka na wanke ba, kamar sittin ne, kuma wasu sun yi kore ko shekarar ba a gani, dole sai an wanke. Na ga guda huɗu masu 1936 da sunan Edward, wani ya ce min sarkin Ingila da ya yi murabus ne wai su ne masu tsada.

Malam Na Sabon Gari:
Edward na takwas ne, ya sauka a Disambar 1936 bai cika shekara ba, amma nan yankin an buga kwabo da sunansa miliyoyi, ba wahalar samu yake ba, sai in sabo ne fil bai zaga ba. Ka fi mai da hankali kan anini na 1907 da 1908, akwai na alminiyon, ba nauyi ko kaɗan a hannu. Mai kore kuma ruwa kawai da yatsa, ba toka ba.

Ɗan Gusau:
Malam ka yi haƙuri amma duk wannan karatun na Turawa ne, mu nan wa zai saya a haka? Ni wata shida nawa suna intanet ba wanda ya taya, ga kuɗin aikawa waje ya fi kayan tsada. Ka karɓi dubu arba'in ɗinka ka biya haya kawai, tsuntsun da ke hannu ya fi.

Malam Na Sabon Gari:
Ba a sayar da abin da ba a san shi ba. Mutum ya ware goma a minti biyar, ai ya san me ya gani. Waɗanne shekaru ne goman? Sa mana hoto gaba da baya.

Ummu Hafsa:
Yayana tambaya ɗaya, an raba gado kuwa? Kayan mamaci ne fa, ko anini ɗaya ne magada suna da haƙƙi. Mu haka wan babanmu ya sayar da sulallan azurfar kakarmu ba wanda ya sani, shekara bakwai ke nan gida biyu ba sa gaisawa.

Abban Sadiq:
Hajiya ba wanda ya taɓa tambayar ɗakin nan, da ruwa ya cinye su ma ba mai sani, kuma ni na sayi magani wata takwas ban ce kowa ya biya ni ba. Malam goman na mayar da su cikin gwangwanin sun cakuɗe, ban duba shekarun ba lokacin. Kyamarar wayata kuma ba ta ɗaukar ƙaramin rubutu.

Ɗan Gusau:
To ka ce masa dubu sittin ka ji me zai ce.

Malam Na Sabon Gari:
Kar ka yi ciniki tukuna. Zuba su a faranti ka jera shekara shekara, aikin dare ɗaya ne, ka rubuto mana.

Abban Sadiq:
Zan gwada in an kawo wuta. Yanzu ma ya kira wai Alhamis zai zo ba Juma'a ba.