Hasken Waya A Tsakar Dare

Sarkin Zaure:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani ɗan'uwa ya turo mini waɗannan baitoci ta bayan fage, ya roƙi in saka amma in sakaya sunansa. Za mu kira shi Mai Ciwon Ɓoye. Ƙa'idarmu tana nan: amsa da waƙa, ban da gori, ban da binciken ko wane ne. Ya ɗora amsa-amonsa a kan "wa", mai iyawa ya bi shi.

Mai Ciwon Ɓoye:
Da sunan Rabbu zan buɗe bakina,
Kan abin da na daɗe ina ɓoyewa.

Ina aji uku aka tura min a waya,
Abokai na gefe suna ta shewa.

Na ɗauka wasa ne irin na yara,
Ashe ƙugiya ce nake haɗiyewa.

Yau shekara 9 ke nan ina kallo,
Batsa nake nufi, ba na kewayewa.

Dare in ya raba, gida ya yi tsit,
Ni da hasken waya muke ganawa.

Garaɓasar data ta tsakar dare,
Dominta nake hana ido rufewa.

In ce minti biyar, in ɗaga kaina,
Ladan ya yi kira, gari na wayewa.

Jiki da janaba, ruwa da sanyi,
Ina ji a kwance sahu na watsewa.

Na goge, na rantse, na dafa Ƙur'ani,
Kwana huɗu tsakani sai ga komawa.

Ɗinkin mutane ya taru a shago,
Sallah ta matso, ba na gamawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro, 'yan'uwa,
Irin na farko ya daina gamsarwa.

Sai na nemi wanda ya fi shi muni,
Wanda a da ko kallo ba na iyawa.

Kuma ba wani daɗi nake ji ba yanzu,
Susar kirci ce, jini na zubowa.

Ku faɗa min, zunubi ne kaɗai wannan,
Ko ciwo ne da ke son dubawa?

Malam Na Bakin Masallaci:
Wa alaikas salam ɗana, na ji kukanka,
Mai faɗin ciwonsa ya kama hanyar warkewa.

Suratun Nur, ka duba aya ta 30,
Ta umarci muminai da ido runtsewa.

Ta ambaci ido kafin ta zo kan farji,
Don ta ƙofa ɓarawo ke shigowa.

Hadisin Ibnu Mas'ud ya kira matasa,
Mai hali ya yi aure, ba jinkirtawa.

Wanda bai da hali ya lizimci azumi,
Garkuwa ne, yana sha'awa karyawa.

Ka daina dafa Littafi kana rantsuwa,
Kaffara kake tarawa a duk saɓawa.

Miskinai 10 ake ciyarwa ko tufatarwa,
In babu, azumi 3 ke biyawa.

Shaiɗan zai ce da kai ai ka makara,
Zumar, aya ta 53, ta hana ƙauna yankewa.

In Asuba ta kuɓuce, tashi ka rama,
Kar ka bar Azahar don kunyar tsayuwa.

Uwar Biyu:
Allah gafarta Malam, a yi mini afuwa zan sauya amsa-amo, abin da ke raina ya fi ƙarfin "wa".

Allah gafarta Malam, ban ƙi taka ba,
Amma nawa gani na yi, ban ji a bakin wani ba,
Shekara 6 ina ɗaki ban sani ba,
Ashe a aljihu yake ajiye min kishiya.

Na yi lalle, na yi dilka, na turara,
Kayan mata na saya har na yi asara,
Ya shigo ya juya baya, ko kallo bai ƙara,
Sai in ga bango ya ɗauki hasken waya.

Na zargi maƙwabciya, na zargi ƙawata,
Na kai kuka wurin gwaggo da yayata,
Aka ce sammu ne, aka yi ta rubuta,
Na sha, ya sha, ba canji ko ɗaya.

Ran da na gani, ya manta ta kan tabarma,
Na ɗauka in kai masa, hannuna ya hau kyarma,
Ashe da su ake auna ni tun farko ma,
Mai goyo ina ita ina tseren ƙarya?

Ba mugu ba ne, yana cefane, yana sallah,
Da na yi magana sai ga namiji da ƙwalla,
Ya ce tun yana saurayi abin ya ƙulla,
Ya zaci ran ɗaurin aure zai bar shi baya.

Don haka ƙanena, kar ka ɗauko 'yar mutane,
Ka ce ita ce maganinka, wannan ganganci ne,
Fara jinya tun kana kai kaɗai, gata ne,
Ka shiga ɗakinta da ido mai lafiya.

Malam Na Bakin Masallaci:
Na karɓi gyara, 'yata, Allah ya ba ki ladan haƙuri.

Garkuwa na tare kibiyar da ke tafe,
Ba ta zare wadda ta riga shigewa.

Mai Gyaran Waya:
Yaya Uwar Biyu kin sa jikina ya yi sanyi. Bari ɗan kasuwa ya sa baki, ni ban iya doguwar ƙafa ba.

Ni a Farm Centre nake sana'a,
Wayoyin gari na bi ta hannuna.

Mai rawani, mai kwat, ɗan makaranta,
Na ga abin da ya fi ƙarfin idona.

Ba na faɗa, ko an matsa min,
Wayar mutum a wurina amana.

Amma akwai alamar da na gane,
Tun mai ita bai yi magana.

Ya ce a gyara, ya ƙi matsawa,
Yana tsaye a kaina, ya ƙi ya zauna.

Makulli uku a kan folda ɗaya,
An sa mata "Karatu" a matsayin suna.

Wani ya kawo babbar ya sayar,
Ya sayi rakani-kashi don ya samu kwana.

Wata biyu ya dawo neman babba,
Bai dube ni ba, ni ma na kau da kaina.

Wani kuwa har yau bai dawo ba,
Na gan shi ya murmure, yana zancen gona.

Shawarata ta ɗan tebur ce kawai,
Kar waya ta bi ka ɗakin kwana.

Bar ta wurin mai caji tun Isha'i,
Ka karɓa da safe in ka ga rana.

Ku kuma masu miƙa wa yara su yi gem,
Ku duba ta tukun, daga nan ake fara ɓarna.

Nas Mai Aikin Dare:
Ƙanena, ka tambaya ko zunubi ne ko ciwo. Malam ya amsa ɓangarensa, ga abin da ke littafinmu. Na koma kan "wa" ɗinka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta zauna,
A 2019 ta yi amincewa,

Da kundin cututtuka bugu na 11,
A 2022 aka fara aiwatarwa.

A ciki an sa larurar sha'awa mai rinjaye,
Wadda mai ita ya kasa sarrafawa.

Ba su ce sau kaza a mako ba,
Ba da ƙirge ake ganewa.

Ma'aunin shi ne ka ƙudura bari,
Ba sau ɗaya ba, kana ta kasawa.

Ya zamo shi ne cibiyar rayuwarka,
Barci da aiki da zumunci na lalacewa.

Kana ganin illa kana ci gaba,
Ko daɗin ya tafi ba ka dainawa.

Kuma ya ɗauki kamar wata 6 ko fiye,
Ba tuntuɓen mako guda mai wucewa.

Sun ƙara sharaɗi, Malam a saurara,
Don a nan mutanenmu ke ruɗewa.

In damuwar duk ta jin laifi ce kaɗai,
Ba a sa mata sunan cuta a rubutawa.

Yaron da ya gani sau biyu ya firgita,
Tuba yake so da rarrashi, ba tsoratarwa.

Kai kuwa ƙanena, yadda ka zayyana,
Alamun sun taru, ba na ɓoyewa.

Ban yanke ba, baiti ba asibiti ba ne,
Likita ne zai zauna ya yi tantancewa.

Akwai sinadari a ƙwaƙwalwa, dofamin,
Shi ke tunzura mutum ga nema da ƙarawa.

Ya fi ƙarfi a kwaɗayi, ba a ƙoshi ba,
Shi ya sa kake ta nema ba gamsuwa.

Ka lura da lokacin da abin ke taso maka,
Kaɗaici ne, ko fushi, ko rashin abin taɓawa?

Sau da yawa akwai damuwa a ƙarƙashi,
In an kama saiwa reshe na bushewa.

Asibitin ƙwaƙwalwa akwai Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna,
Kware a Sakkwato, duk ana zuwa.

Ba sai mai jifa da tsince-tsince a bola ba,
Mai shadda da hula ma na zuwa ganawa.

Yawanci zama ne a yi ta magana,
A koya maka dabarun kaucewa.

Sarkin Gardama:
Haba jama'a, kun cika zuzuta abu,
Kun tashi hankalin yaro tun da wuri.

'Yan majalisarmu da yawa na kallo,
Ban ga wanda aka kai Dawanau da mari.

Ni ma nakan taɓa, bai dame ni ba,
Ran da na ga dama, a ranar zan bari.

Tsohon Direba:
Ɗana, "ran da na ga dama" tsohuwar waƙa ce,
Na rera ta tun ana sayen kaset a sirri.

Daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa waya,
Kayan na ƙanƙancewa, sarƙar na yin ƙari.

Ban ce kana ciki ba, ban san cikinka ba,
Amma gwajin da sauƙi, ba ya son shiri.

Ajiye shi kwana 30 daga daren yau,
In ka wuce ba ƙunci, na ba ka gari.

In ko ka ji hannu na lalube da kansa,
Ka san wanda ke riƙe da sitiyari.

Ni ba jarumta ce ta fid da ni ba,
Aminina na samu na fasa masa sirri.

Duk daren da na yi fakin a tasha,
Sai ya kira ni, ko ana ruwa ko ɗari.

Na faɗi bayan nan, ba sau ɗaya ba,
Amma mai rakiya kan tashi da wuri.

Sarkin Gardama:
Baba Direba, wannan sitiyarin ya same ni a ƙirji. Zan gwada, amma fa ban yi alkawari ba, kar a zo ana bi na bashi.

Sarkin Zaure:
Ɗan'uwanmu ya sake turo saƙo yau da hantsi. Ga shi yadda ya zo, ban taɓa ko harafi ba.

Mai Ciwon Ɓoye:
Na gode Malam, Yaya, Anti Nas da Baba,
Kwana 12 ke nan da rubutawa.

Wayar tana kwana a wurin mai caji,
Shi ya ɗauka batir ne ke lalacewa.

Daren farko na yi ta juyi har Asuba,
Hannuna ƙarƙashin filo yana lalubawa.

Kwana 8 na yi, a na 9 na faɗi,
Ɗinki ya kai ni dare, mai caji ya yi rufewa.

Amma na yi wanka na samu sahu,
A da sai in kwanta ina kaina tsinewa.

Ban dafa Littafi ba wannan karon, Malam,
Kaffarar baya nake ta lissafawa.

Na gaya wa yayana muna kan babur,
Don kallon idonsa ba na iyawa.

Bai ce uffan ba har muka kai ƙofar gida,
Sai ya ce Talata zai kai ni dubawa.

Maganar aure na ce wa Inna a dakata,
Tana ta tambaya, ina ta kaucewa.

Anti Nas, in mai yankar kati ya ce me ya kawo ka,
Ga layi a bayana, da me ake amsawa?

Nas Mai Aikin Dare:
Ce masa barci ne ya gagara, ƙanena,
Ba ƙarya ka yi ba, kuma ya isa shigarwa.

Sauran ka bar wa likita in an tura ƙofa,
Ku yi sammako kai da Yaya, layin safe na cikawa.